Layin da kogi ya ja a bangon ɗakina

Da ruwan ambaliya ya janye daga Lamorde, unguwarmu ta bakin kogi a Yamai, a damunar 2020, abin da na fara nema shi ne akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A ciki nake ajiye zane-zanena na shekara goma sha ɗaya, na fensir da na gawayi da na tawada. Ina buɗewa na tarar da dunƙulen abu kamar ƙullun da ya kwana. In na ɗaga takarda ɗaya, goma su biyo ta. Na zauna bakin ƙofa ban ce uffan ba. Maiɗakina da jaririyarmu sun fita lafiya, maƙwabta kuwa gidaje suka rasa, da wane baki zan yi kukan takarda?

Ina zaune idona ya sauka kan bango. Ruwan ya bar shaidarsa: layi guda, launin laka, daidai ƙirjina, ya kewaye ɗakin bai karkace ko kaɗan ba. Na fita tsakar gida, ga shi nan. Na leƙa waje, ga shi jikin guntun katangar da ta rage tsaye, jikin dogon yaro, jikin ƙofar masallaci. Layi ɗaya ya ratsa unguwa duka. Na yi shekaru ina horar da hannuna ya ja layi madaidaici, ban taɓa ganin wanda ya kai wannan ba, kuma kogin Isa, wato Neja, bai nemi takarda ba kafin ya ja shi.

Ni mutumin Tawa ne. A makarantar allo na fara zane, inda malam ya ga hannuna ba ya rawa ya riƙa sa ni taya shi zayyana a allunan masu sauka. A Yamai kuwa rubuta allunan shaguna nake yi, na masu aski da masu gyaran salula, da shi nake ciyar da gida. Zanen takarda nawa ne na kaina, na dare. Bayan ambaliyar na kasa komawa kansa. Ko na sayi takarda sai in riƙa kallonta kamar abin aro.

Sai na tafi kasuwar Katako neman layin da ruwa ba zai ci ba. Wanda ya san Katako ya san wuri ne da ba a zubar da komai: tsohon ƙarfen mota ya zama murhu, durom ya zama akwati, gwangwani ya narke ya zama tukunya. Na sayi waya ta ƙarfe nannaɗe, irin wadda magina ke ɗaure rodi da ita, da wata mai kauri, na dawo gida na ce gawo zan yi, irin na gonar mahaifina a Adar. Gawo ne itacen da hannuna ya fi sani, don da damuna yake zubar da ganye, sai ka ga ƙashinsa tsirara a lokacin da kowane itace ya yi lullumi. Na zana shi a ƙasa, na bi zanen da waya, na ɗaure, na ɗaga. Ta gaba gawo ne sak. Da na kewaya gefe sai ya ɓace, ya koma sanda ɗaya. Ina sakin hannu ya kifa.

Haka na ɗauke shi na kai wa wani tsohon maƙeri a Katako, wanda kowa ke ce wa Baba. Ya juya shi a hannu, ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa.

"Ɗana, wannan icce naka ba shi da baya. Ka taɓa ganin iccen da ba a kewaya shi?"

Na ce, "Baba, a takarda haka muke yi."

Ya ce, "Takarda goyon ka take yi. Nan kuwa kai za ka goyi abin."

Wata huɗu na yi ina zuwa rumfarsa bayan la'asar, ina ja masa zuga-zugi yana nuna mini. A wurinsa na koyi cewa waya mai taurin kai ana sa ta wuta ta yi ja, a binne ta cikin toka ta huce a hankali, sai ta yi laushi ta bi hannu. Ya hana ni sa farar waya mai ƙyalli a wuta, irin wadda aka shafa wa maganin tsatsa, domin hayaƙinta na kwantar da mutum da zazzaɓi. Ya nuna mini cewa ƙafa uku ta fi huɗu zama a ƙasa marar daidai, ya ce in dubi duwatsun murhun uwata. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne nauyi. A takarda reshe zai iya tafiya iyakar inda nake so. A ƙarfe kowane taƙi da ka ƙara wa reshen dama, sai ka biya shi a hagu ko a gindi. Na lalata waya mai yawa kafin idona ya daina yi wa hannuna ƙarya.

A cikin waɗannan watanni na koma gidan tarihi na Boubou Hama na tsaya gaban itacen Tenere. Itace ne da ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada, ayari na yin kwatance da shi, har mota ta buge shi a 1973 aka kwaso gangar jikinsa zuwa Yamai. A inda yake a da, an kafa wani na ƙarfe. Na sha ganin hoton na ƙarfen ban ɗauke shi komai ba. Ran nan na gane zane ne aka yi da bututu da rodi, sararin hamada ne takardarsa, kuma matafiyi na iya zuwa masa ta kowace fuska.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Da kawuna ya zo daga Tawa ya ga ƙarafa a tsakar gida, ya kira ni gefe ya ce, "Ɗan nan, gumaka ka koma ƙerawa?" Ban ji haushi ba, tambayar tana raina tun kafin ya yi ta. Na ce, "Kawu, dubi da kyau, itace ne da kwale-kwale." Ya duba, ya yi shiru, ya ce Allah ya yi albarka. Na san masu sana'ar nan da suka ɗauki wata hanya daban, ba kuma ni zan yi musu hukunci ba. Ni dai na tsaya kan itatuwa da jiragen ruwa da tarun masunta da kayan gida, har yau ban ƙure su ba.

Wani dare aka ɗauke wuta, maiɗakina ta kunna fitila ta ajiye a ƙasa kusa da gawon, sai ga inuwarsa ta haye bango har rufi. Ta matsa fitilar, rassan suka yi tafiya. Nan take na tuna Moustapha Alassane, wanda muka tashi muna jin sunansa a Tawa, inda ya zauna shekaru masu yawa. Da fitila da inuwa ya fara nuna wa mutanen garinsu zane mai motsi, kafin ya riƙe kyamara, kafin ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin fim na zane mai motsi. A 1966 ya fitar da ɗan gajeren fim na zane wanda kwaɗi ne mutanen cikinsa, daga baya ya koma ɗinka ƴan tsana yana motsa su. Ya rasu a 2015. Ashe hanyar da nake lalube a duhu, wani ya riga ya bi ta daga garinmu.

Amma layin kogin bai bar raina ba. Da sanyin 2021 na nemi izinin mai unguwa da na wani maƙwabci da gidansa ya rushe bai samu halin sake gini ba, na ce zan yi aiki a filin na kwana uku. Irin wannan aiki, da ake shirya abubuwa cikin wuri har wurin kansa ya zama ɓangaren aikin, ni zanen fili nake ce masa. Niyyata in ja waya ɗaya ta kewaye filin daidai inda ruwa ya tsaya, in rataya kayan da aka tsinta cikin laka a ƙarƙashinta. Igiya na fara gwadawa, ta yi ciki a tsakiya. Na koma waya, ita ma ido bai iya daidaita ta ba. Wani magini ya ba ni aron tiyo irin wanda ake ganin cikinsa, ya ce in cika shi da ruwa, inda ruwan ya tsaya a baki biyun nan ne daidai. Da ruwa na auna layin ruwa, ya fito tsaf.

Ranar farko wata dattijuwa ta zo da jikarta, ta tsaya jikin wayar, ta girgiza kai.

"Ɗana, wannan ba ruwanmu ba ne. Namu nan ya kawo." Ta sa hannu a maƙogwaronta.

Na ce, "Inna, aunawa na yi."

Ta ce, "A gidanka ka auna. Mu a kwari muke."

Gaskiyarta. Saman ruwa ɗaya ne, ƙasar da mutane ke tsaye a kai ce ba ɗaya ba. Kyawun layin ya ɗauke mini hankali har na manta cewa wani a gwiwa ya same shi, wani a wuya. Daren nan ban yi barci sosai ba, don na ƙaunaci wayar nan madaidaiciya. Da safe na kwance ta. Na sayo sanduna da jan ƙyalle, na ce kowane gida ya zo ya kafa sanda ya ɗaura ƙyalle inda ruwa ya kawo masa. Kafin magariba filin ya cika da sanduna, jan ƙyalle na hawa da sauka, iska na kaɗa shi. Wasu suka kawo tukunyar da ta fashe, wani ya kawo allon ɗansa da ruwa ya wanke, wata ta kawo takalmi wari ɗaya ta ajiye gindin sandarta ba ta ce komai ba. Yara na bi tsakani suna gwada tsawonsu. Ban ja layi ko ɗaya da hannuna a aikin ba, amma ban taɓa yin zanen da ya kai shi ba.

Dogon bayanin da na rubuta da Faransanci na liƙa a bakin fili, ba wanda ya tsaya karantawa, masu abin sun fi ni saninsa. Awaki sun cinye ƙyalle biyu na ƙasa-ƙasa. Kuskuren da ya fi damuna shi ne ban ɗauki hotuna yadda ya kamata ba. Ranar huɗu aka tuge sanduna, abin ya koma labari.

Wannan rashin ne ya tura ni ga bidiyo. Na ga yadda William Kentridge na Afirka ta Kudu ke yi: zane ɗaya na gawayi, ya ɗauki hoto, ya goge kaɗan ya ƙara kaɗan, ya sake ɗauka, har zanen ya yi motsi. Ɗan makarantar allo ba baƙo ba ne ga wannan. Mun san allo, ana wanke shi a sake rubutu, amma tsohon rubutun ba ya fita sarai, inuwarsa na nan ƙarƙashin sabo. Na shafe bangon zaure da farar ƙasa, na zana unguwarmu da gawayi, na fara ɗaga layin ruwa da kaurin yatsa, ina goge gidajen da ya ci.

Sau biyu na watsar da aikin mako guda. Na farko, salula a hannu nake riƙewa, da na haɗa hotunan sai unguwar ta riƙa tsalle. Na dasa sanda cikin gwangwanin siminti, na ɗaure salular da roba, na shata wurin gwangwanin a ƙasa don kada mai shara ta gusa shi. Na biyu, da rana nake aiki, hasken na sauyawa daga hantsi zuwa azahar, bidiyon ya riƙa ƙiftawa. Na koma aikin dare da fitilar sola guda biyu, na kulle haske da saitin kyamara don kada ta riƙa gyara kanta. Hoto 12 nake sa wa kowace daƙiƙa, wato minti ɗaya na cin hoto 720. Nawa 504 ne, daƙiƙa 42, aikin dare goma sha tara. Ban sa kiɗa ba. Na gangara bakin kogi da asuba na naɗi ƙarar ruwa na dukan kwale-kwale, shi kaɗai na ɗora.

Na nuna shi a filin nan dai, jikin farin zane da muka ɗaure tsakanin sanduna biyu, da majigin aro. Sai da aka sa na maimaita shi sau da yawa. Daga baya ya bazu a WhatsApp, nan na ga siraran layuka da na ɓata dare a kansu sun narke, domin manhajar na matse bidiyo. Yanzu in na san a salula za a kalli abu, da gawayi mai kauri nake zana shi.

Na koma takarda, amma ba kamar da ba. Ba na zana itace yanzu sai na tambayi kaina ina bayansa, ina nauyinsa zai sauka, ta ina haske zai zo. Akwatin kuma ya bar ƙarƙashin gado, yana bisa wani katako da Baba ya ƙera mini ƙafafunsa, sama da inda ruwa ya tsaya.

Da mai gidanmu ya tashi yin sabon shafe, na roƙe shi ya bar mini taƙi ɗaya na layin a bayan ƙofa, ya yarda. Kowace shekara in damuna ta faɗi nakan tsayar da ɗiyata a wurin, wadda aka fita da ita a goye daren ambaliyar, in ja gawayi bisa kanta, in ɗauki hoto ɗaya daga inda na saba tsayawa. Bana saura taƙi ɗaya kanta ya kai layin.