Saƙon godiya ga duk wanda ya taya ni murna

Salam jama'a. Tun jiya wayata take ta ƙara ba ƙaƙƙautawa, saƙonni sun fi ƙarfina wallahi, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani, wanda ban amsa masa ba ya yi haƙuri, ba share shi na yi ba.

Alhamdulillahi, Allah cikin ikonSa kundin mastas ɗina ne aka zaɓa aka ba shi kyautar da ake bayarwa don tunawa da wani malamin sashenmu da ya rasu. Masu tambaya wai me nake karantawa, shekara 2 na yi a Jami'ar Maastricht a ƙasar Holan, ɗakunan gwajinmu suna wata cibiyar bincike da ake kira Brightlands Chemelot a garin Geleen, kuma fannin shi ne yadda za a yi roba da zare daga tsirrai a maimakon man fetur. Ni a kan rama na yi aikina. Eh, ramar da muke kwaɗo da ita ɗin nan, wadda ake murza igiya da ɓawonta. Haɗa zarenta na yi da wata roba da ake kira PLA, ita kuma daga sukarin masara ko rake ake samo ta, tana da kyau amma saurin tsagewa gare ta, to aikin shi ne a ga irin ƙarfin da zaren zai ƙara mata.

Godiya ta farko bayan Allah ta Inna ce, kakata. A gabanta na fara ganin ana jiƙa karan rama a ruwa kwana da kwanaki har ya yi laushi a sulluɓe ɓawon, tana murzawa a cinya tana ba mu labari, ranar da na ga ana koyar da wannan jiƙon a aji da sunan kimiyya sai da ƙwalla ta cika min ido. Inna Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Sai malamata da ta duba aikin, da ma'aikacin ɗakin gwajinmu. Akwai lokacin da samfurina na sati 3 duk suka lalace, suna fitowa daga inji da kumfa-kumfa a ciki kana lanƙwasawa su karye, ashe ban busar da zaren sosai ba, ita PLA kuwa a wajen digiri 180 ake narka ta kuma ɗan danshi kaɗan ya isa ya lalata ta a wannan zafin. Na zauna na rasa abin yi, bawan Allahn nan bai ce min komai ba, ya kwashi zaren ya sa a oven ya kwana, da safe muka sake daga farko.

Marigayin da kyautar ke ɗauke da sunansa ban taɓa ganinsa ba, kafin in zo ya rasu. Amma iyalinsa sun zo taron ba da kyautar, kuma yadda tsofaffin ɗalibansa suka riƙa ba da labarin ƙofar ofishinsa da ba ta rufuwa sai na ji kamar ni ma ya koyar da ni. Allah Ya ƙara ba su haƙuri.

Baba da Umma, 'yan uwana, da abokai na nan da suka riƙa kawo min abincin buɗa baki ina tsaka da rubutu, ba ni da bakin gode muku, Allah Ya saka da alheri. Yaya, dan Allah ka nuna wa Inna hoton nan gobe idan ka je, ka ce mata igiyarta ce.