Me ya sa ɗalibanmu ke gudun darasin ƙwaƙwalwa?

Duk rukunin ɗaliban likitanci da aka turo mana sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da fuska iri ɗaya suke shigowa. Yaran da a makon jiya suke rige-rigen ɗora abin sauraro a ƙirjin mai ciwon zuciya, yau kowa na neman bayan ɗan'uwansa ya laɓe. Ka ce, "Wa zai duba mana wannan bawan Allah?" sai kowa ya sunkuyar da kai yana buɗe littafi. Kuma ba ragwaye ba ne. Da yawansu su ne zakarun ajinsu tun daga sakandare. Amma da ka ambaci "niyuro", kamar yadda suke kiransa, sai jikinsu ya yi sanyi.

Abin bai tsaya a kanmu ba. Tun a 1994 wani likita ɗan Amurka, Ralph Jozefowicz, ya yi ɗan gajeren rubutu a mujallar Archives of Neurology, ya siffanta wannan tsoro a matsayin cuta mai kama ɗalibai. Ya ce tushenta shi ne ɗalibi ya kasa haɗa abin da ya karanta a aji da majinyacin da ke kwance gabansa. Binciken da aka yi daga baya a Birtaniya da Ailan ya nuna ɗalibai da ƙananan likitoci na ɗaukar wannan fanni a matsayin mafi wuya, kuma wanda aka yi a makarantun likitanci 3 na Najeriya, aka buga a 2010, shi ma haka ya samu.

A ganina laifin tsarin koyarwarmu ya fi na ɗaliban yawa. A aji biyu da aji uku muke ɗora musu tsarin ƙwaƙwalwa da laka, a ɗakin da warin fomalin, maganin adana gawa, ke sa hawaye, ana nuna musu yankakkiyar ƙwaƙwalwa mai launin toka. Su haddace jijiyoyin kai 12. Su haddace cewa hanyar da ke kai umarnin motsi tana tsallakawa ɗaya ɓarin a gindin ƙwaƙwalwa, ita kuwa mai ɗauko jin zafi a cikin laka take tsallakawa. Su zuba a jarrabawa, su ci, su manta. Sai bayan shekara biyu a tsayar da su gaban mutumin da hannunsa ya mutu a ce su faɗi inda ciwon yake. Kamar ka ba baƙo taswirar lungunan cikin birnin Kano ne ya haddace, ka ƙwace, bayan shekara biyu ka ajiye shi a Kasuwar Kurmi ka ce ya kai kansa Ƙofar Mata.

Akwai wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo, bakinsa ya karkace, ruwa na zuba ta gefe ɗaya idan ya kurɓa. A gida an ce iska ce ta mare shi. Ɗalibar da na ce ta duba shi, kafin ta taɓa shi ta riga ta yanke cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Na ce ta sa shi ya ɗaga gira. Ta ce, "Baba, ɗaga girarka sama, kamar ka ji abin mamaki." Ya ɗaga. Goshinsa na hagu ya yamutse, na dama ya tsaya sumul. Ta ce ya runtse ido, na daman ya ƙi rufuwa, ƙwayar idon ta juya sama sai farin ake gani. Na tambaye ta me ta gani. Ta yi shiru tana kallon goshin, can ta ce, "Malam, ashe jijiya ta bakwai ce, ba cikin ƙwaƙwalwa ba ne." Haka ne kuwa. Goshi na samun umarni daga ɓarin ƙwaƙwalwa biyu, shi ya sa mai shanyewar ɓarin jiki yakan iya yamutsa shi, amma idan jijiyar fuskar ce da kanta, wato ta bakwai cikin jijiyoyin kai, ta samu matsala, ɓarin fuskar gaba ɗaya ke tafiya. Ta san wannan tun aji biyu, ba ta dai taɓa ganin amfaninsa ba. Ita da bakinta ta zauna ta yi wa 'ya'yansa bayani cewa yawancin masu irin wannan suna warkewa, ta nuna musu yadda za su kare idon kada ya bushe.

Dalili na biyu ya fi ci mini rai, domin daga bakin manya suke jin sa: wai a wannan fanni sai dai ka gano ciwo ka sa masa suna, babu magani. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana kashe mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Magunguna irin su fenobabiton da kabamazefin ba sababbi ba ne. Duk wanda ya ga yarinyar da aka cire daga makaranta, aka ware mata kwanon abinci saboda ana tsoron yawunta, ta dawo bayan wata shida ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, ba zai sake cewa babu magani ba. Shanyewar ɓarin jiki kuma, galibinta hawan jini ne da ba a kula da shi ba, abin da na'urar awo da ƙwaya ɗaya a rana za su iya tarewa.

Wani lokaci ɗalibi zai ce mini wannan ilimi na ƙasashen da ke da na'urorin hoto a kowane lungu ne. Nakan tuna masa da sanƙarau na 1996, da ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, akasari a Arewa, ya kashe fiye da 11,000. Nakan tuna masa da yaran Zamfara a 2010, da gubar dalma ta haƙar zinariya ta sa su jijjiga, sama da 400 suka rasu. Ga shan inna da muka yi ta fama da shi har 2020. Ga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwar yara duk damina. Duk waɗannan namu ne. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ma a kan ciwon ƙasarsa ya yi suna a duniya, inda ya bi diddigin lalacewar jijiyoyi da ke sa mutane tangaɗi, ya danganta ta da gubar rogon da ba a sarrafa da kyau ba. Rashin na'ura kuwa ƙara wa hannun likita daraja yake yi. Inda hoton ƙwaƙwalwa ya fi ƙarfin aljihun talaka, ɗan guduman buga gwiwa da tocila da allura su ne za su gaya maka ko a tura mutum babban asibiti yau, ko ya jira.

Abin da ke hana ni barci shi ne tsoron ba ya ƙarewa ranar rantsuwar zama likita. Yana bin su har asibitin ƙaramar hukuma. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 sun nuna a Afirka ma'aikatan wannan fanni ba su wuce 1 ga mutum miliyan ɗaya ba a matsakaici. Ke nan mai farfaɗiya a ƙauye ba ƙwararre zai gani ba, wannan ɗalibin da ke laɓewa a bayan ɗan'uwansa zai gani. Idan ya tsorata ya rubuta takardar tura shi birni, su kuma ba su da kuɗin mota, gida za su koma.

Shi ya sa yanzu ba na fara musu da allo. Ranar farko kowa zan ba shi majinyaci guda, ya zauna ya ji labarinsa daga bakinsa ko bakin mai jinya: yaushe abin ya fara, farat ɗaya ko a hankali, wane ɓari. Ya sa shi ya yi tafiya, ya kalli yadda yake jan ƙafa. Ya shafa tafin ƙafarsa ya ga ko babban yatsa zai ɗaga sama, alamar da likitan Faransa Babinski ya bayyana tun 1896. Sai da yamma ya buɗe littafin aji biyu, ya karanta hanyar da ta shafi majinyacinsa kawai. Washegari tambaya biyu zan yi masa: ina ciwon yake, kuma me ya kawo shi? Ina roƙon 'yan'uwana malaman aji biyu su ma su riƙa kawo ɗalibansu ɗakin majinyata ko da sau ɗaya a wata, tun suna tsakiyar haddar jijiyoyin nan 12.