Kada ku ajiye bulala kusa da Littafi Mai Tsarki

Ranar da aka miƙa jariri a coci, iyaye kan tsaya gaban jama'a, fasto ya tambaye su ko za su yi renon yaron nan cikin tsoron Ubangiji, su amsa da ƙarfi, 'yan Zumuntar Mata su ɗauki waƙa da guɗa. Alkawari ne mai nauyi, amma ba a cika zaunar da sababbin iyaye a gaya musu yadda ake cika shi ranar Talata da dare ba, sa'ad da aka ɗauke wuta, jariri na kuka, yayansa ya zubar da miya a tabarma. Don haka nake rubuta muku, ƙannena masu ƙananan yara a Gombe, Billiri, Kaltungo, Tula, har Tafawa Ɓalewa da Bogoro. Na yi wannan alkawari da zuciya ɗaya, na kuma ɓata shekaru masu daraja ina cika shi ta hanyar da ta cuci 'ya'yana.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne, yaro ɗan shekara uku zuwa shida bai cika iya raba Allah da babansa ba. In ka ce masa Allah Uba ne, fuskarka yake gani, muryarka yake ji. Duk abin da hannunka ya yi masa kafin a rufe ido a yi addu'a, da shi zai shiga addu'ar.

Ni ɗan ƙasar Tangale ne. Bishara ta iso Kaltungo a 1917 ta hannun 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM), aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Kakanninmu da suka koyi karatu a wancan zamani don su karanta Maganar Allah da kansu suka koya, shi ya sa haddar aya ke da daraja ƙwarai a gidajenmu. Mahaifina yakan tashe mu da asuba kafin a tafi gona, ya karanta, mu yi waƙa, ya yi addu'a. Yana da tsanani, ba shakka. Amma wuni guda muna tare da shi a gonar dawa da gyaɗa, yana koya mana riƙon fartanya, yana ba mu labari a ƙarƙashin itace lokacin shan kunu. Da na samu aiki na dawo garin Gombe bayan an ƙirƙiro jihar a 1996, na yi aure, na kama haya a Tumfure, sai na ɗauko tsananinsa na bar zaman da yake yi da mu a can gida. Ina fita da sassafe, in dawo da duhu, abin da yarana suka sani nawa shi ne addu'ar dare, ita ma na mai da ita jarrabawa.

Ga yadda take. Sai wajen ƙarfe tara, bayan an ci tuwo, lokacin da idon yaro ya riga ya yi nauyi. In zauna a kujera, su a tabarma. Littafi Mai Tsarki a kan tebur, 'yar tsumagiyar dalbejiya a gefensa. In karanta sura guda cur, wani lokaci daga Romawa ko Ibraniyawa, abin da ni kaina sai na yi nazari nake fahimta. Daga nan kowa ya kawo ayar mako. Babban ɗana yana da shekara biyar lokacin da na ba shi Zabura 23. Da rana yakan rera ta tsaf a gaban mamarsa tana wanke-wanke. Da dare kuwa, da ya tsaya gabana hannu a baya, sai ya yi aya ta farko, ya shiga ta biyu, idonsa ya faɗa kan tsumagiyar, bakinsa ya fara rawa. In ce, "Sake." Ya sake, ya tsaya a wuri ɗaya. In zuba masa biyu a ƙafa, sannan in ce a rufe ido mu yi addu'a. Yana shessheƙa ina gode wa Allah saboda ƙaunarsa. Zaburar da ke cewa Ubangiji makiyayi ne, ba za a ji tsoro ba, ita na koya wa ɗana da duka.

Wata Asabar ina gyara babur a tsakar gida na ji shi a bayan ɗaki yana wasan coci da ƙanwarsa. Ya ɗora ta a kan turmi, yana riƙe da kara, yana cewa, "Faɗi ayarki. In ba ki faɗa ba Allah zai ƙona ki." Muryata ce sak, har da yadda nake jan numfashi kafin in ɗaga hannu. Ban taɓa cewa Allah zai ƙona shi don ya manta aya ba, amma na sha cewa "Allah na ganinka" da "wuta ce makomar maƙaryaci" duk lokacin da nake so ya natsu. Shi ya haɗa sauran da kansa.

Saboda haka abu na farko da nake roƙonku: ku raba lokacin horo da lokacin addu'a. In yaro ya yi laifi da rana, a gama maganar laifin da rana. Kada a adana ta har dare a karanto masa aya a kanta a gaban 'yan'uwansa. Kada kuma ku ari sunan Allah don tsorata yaro kamar yadda ake cewa dodo zai zo. Yaron da aka saba razana shi da Allah yakan koyi ɓoye laifi, tuba kuwa sai wanda ya san za a karɓe shi yake iya yi.

Addu'ar iyali ga ƙananan yara minti goma ta isa. Ku yi ta kafin barci ya kama su, ko da kafin a zuba abinci ne. Ku zauna tare da su a tabarma. Waƙa ɗaya da suka iya, labari ɗaya da bakinka, ba sai ka buɗe littafi kana bin layi da yatsa ba: Yusufu da 'yan'uwansa, Dauda da Goliyat, Zakka a kan itace, yaron da ya kawo gurasa biyar da kifi biyu. Ku bar su su yi tambaya, ko da tambayar ta ba ku dariya ko ta fi ƙarfinku. In ba ku san amsa ba ku ce za ku tambayi fasto ranar Lahadi, ku kuma tambaya ɗin. Aya guda gajeriya a mako ta wadatar, a riƙa maimaita ta a hanyar makaranta ko wajen wanka. Maimaitawar Shari'a 6:7 ma haka ta tsara koyarwar, ana zaune a gida, ana tafiya a hanya, za a kwanta, an tashi. Ba ta ce a tara su sau ɗaya a rana a yi musu tambayoyi ba.

Ku kula da harshe kuma. Da yawa cikinmu muna sa yara a makarantun kuɗi inda suke haddace addu'a da Turanci, mu yi ta murna suna zubo ta a gaban baƙi, alhali ba su san abin da suke faɗa ba. Ku bar yaro ya yi magana da Allah da harshen da yake neman ruwa da shi in ya ji ƙishi, Hausa ce, Tangale ne, Waja ne, Sayanci ne. Turancin zai zo.

Na san abin da wasu za su ce, don ni ma na faɗe shi shekara da shekaru: Karin Magana 13:24 ta yi maganar sanda, Bahaushe ma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban ce a bar yaro sakaka ba. Gidan da ba a cewa "a'a" gidan wahala ne, ga iyaye da yaran duka. Amma ku karanta Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21, inda aka kira ubanni da sunansu aka gargaɗe su kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi ko su karai. Waɗannan ayoyi ban taɓa sa kowa ya haddace su a gidana ba. In na auna dukan da na yi, mafi yawansa ba don gyara na yi ba. Albashi ya makara, maigidan haya ya aiko, an yi min faɗa a ofis, na dawo da zafi a ƙirji, yaro ya fasa kofi, na sauke a kansa, na kira shi tarbiyya. Ka tambayi kanka kafin ka ɗaga hannu: da a ce yau na karɓi albashi, wannan laifin zai sa in yi duka? In amsar a'a ce, fita ƙofar gida ka sha iska ka dawo. Ɗan shekara uku da ya zubar da kunu bai yi zunubi ba, hannunsa ne bai yi ƙwari ba. A ba shi tsumma ya taya gogewa. Wanda ya ƙwace abin wasan ƙaninsa, a karɓe nasa na ɗan lokaci, a gaya masa dalili da kalmomi kaɗan. Ƙarya da raina uwa su ne manya, su ma a zaune ake maganarsu, ido cikin ido, bayan zuciya ta sauka.

Kuskurena na biyu ya fi wuyar ganewa domin kowa yabona yake yi a kansa. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina Zumuntar Maza, ina fita wa'azi da 'yan Sabon Rai Don Kowa, ina kwamitin gini, daga baya aka zaɓe ni dattijo. Kusan kowace yamma akwai inda ake jirana. Uwar 'ya'yana ce ke wanka, ke ciyarwa, ke kwana zaune in zazzaɓi ya tashi, ke goya ɗaya ta ja ɗaya zuwa awo da rigakafi. Ita ma tana so ta je zumunta, sai ta tafi da goyo ta dawo a gajiye ta ɗora tukunya. Wata rana ina ɗaura takalmi zan tafi gwajin waƙa ta ce, "Baban yara, ikilisiya tana da dattawa da yawa. Yaran nan uba ɗaya gare su." Na ji haushi, na tafi abina. Amma maganar ta bi ni har cikin coci.

Eli firist ne, a Shilo yake hidima dare da rana, shi ya yi renon Sama'ila har ya koya masa yadda zai amsa kiran Allah, amma 'ya'yan cikinsa, Hofni da Finehas, sun lalace a gabansa. Bulus kuma da yake lissafa wa Timoti halayen mai kula da ikilisiya, ya sa iya riƙon gida a ciki. Ban ce ku bar hidima ba. Muddin kuna da yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, ku zaɓi ƙungiya ɗaya ku riƙe ta da kyau, ku gaya wa fasto dalili ba tare da kunya ba. Fasto mai hankali zai sa muku albarka. Ranar da matarka ke da Zumuntar Mata, kai ka zauna da yaran, ka yi musu wanka, ka ba su abinci. Maƙwabta za su yi magana mako ɗaya ko biyu su gaji. In yaro ya yi zazzaɓi, ka yi addu'a kana kan hanyar asibiti a yi gwajin jini, kada ka jira taron addu'ar dare, musamman da damina, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya ba ƙaramin yaro lokaci. Wayar hannu ma ku sa mata ido. Mutum na iya zama a gida jikinsa kawai, yana sauraron wa'azi a WhatsApp yaro na jan rigarsa yana cewa "Baba, duba," yana korarsa.

Akwai kuma bakinmu a gaban yara. A Gombe muna zaune gida da gida da Musulmi, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, suna aiko mana da naman layya, muna aika musu shinkafa da cincin ranar Kirsimeti. Duk da haka na sha sakin baki a kan maƙwabta, a kan wata ƙabila, har a kan fasto da 'yan kwamiti, a hanyar dawowa daga sujada yara na bayan babur suna ji. Sai ranar da 'yata ta ƙi gaida wata dattijuwa maƙwabciyarmu, ta maimaita abin da na faɗa a kan mutanen gidan, na san kunnuwansu a buɗe suke. Ku koya wa yaranku bangaskiyarsu sarai, su san abin da suka gaskata da dalilinsa, su kuma durƙusa su gaida kowane babba a layi.

Abu mafi wuya da na yi a rayuwata ta uba shi ne neman gafarar ɗana. A al'adarmu babba ba ya ba yaro haƙuri, sai dai ya saya masa biskit ko ya kira shi ya ba shi ragowar nama, a bar maganar a haka. Ni ma da biskit na fara, bai yi aiki ba. Yaron yana gaishe ni da ladabi, yana yin duk abin da na ce, amma da ya ji ƙarar babur ɗina sai ya shige ɗaki. Yana aji huɗu na firamare na kira shi, na zauna a tabarma kusa da shi, na ce, "Dukan da na riƙa yi maka a kan aya ban kyauta ba. Allah bai sa ni ba, fushina ne. Ka yafe mini." Bai ce komai ba, ya yi ta murza gefen tabarma, can ya tambaya ko zai iya tafiya. Na ce ya tafi. An ɗauki watanni kafin ya fara zama kusa da ni ba tare da an kira shi ba, har yanzu da ya girma ya fi sakin jiki ya yi addu'a da ƙarfi a gaban mamarsa fiye da gabana. Ƙannensa da suka tashi bayan na jefar da tsumagiyar ba su da wannan nauyin baki, autarmu har rigima take yi a bar ta ta fara.

In za ku ba yaro haƙuri, ku ambaci abin da kuka yi da sunansa, kada ku ƙara da "amma kai ma ka yi kaza." Kada ku matsa masa ya ce ya yafe nan take, kada kuma ku kira mamarsa ko 'yan'uwansa su tsaya shaida. Ku yi shi a ranar da abin ya faru, kafin a kwanta, tun yana ɗan shekara uku ko huɗu, lokacin da zai iya hawa cinyarka a gama maganar a wurin.