Bishiyar da ke filin Yaya a Rigachikun

Asabar. Hazo tun asuba, leɓe duk ya tsage. Yaya ya matsa min sai na raka shi Rigachikun duba filinsa, wai leburori za su fara haƙa fandisho ranar Litinin kuma akwai wani rimi a kusurwa da yake so a sare.

Muna isa na ga abin, na ce Yaya wannan fa ba rimi ba ne. Babu ganye ko ɗaya a jikinta amma rassan cike da fure ja jawur, wasu sun ɗan yi ruwan lemo, ƙasa duk sun zube. Na ɗauki ɗaya, ya kusa cika tafin hannuna, kamar ƙaramin kofi, kunnuwa biyar masu kauri da santsi, tsakiya kuma zare-zare cunkus. Furen rimi ai ƙanana ne fari-fari, da dare suke buɗewa jemagu su yi ta zarya, wa ma yake lura da su.

Ya ce to ƙayar fa? Na ce eh, rimi ma yana ƙaya in yana ƙarami, amma taɓa ɓawon nan ka ji, kauri gare shi, ya tsattsage layi-layi, ƙayoyin gajeru masu faɗin gindi, shi ya sa gobarar daji ba ta cika kashe ta ba. Sannan duba ƙasa, ina manyan saiwoyin nan da rimi ke fitarwa kamar katanga har yaro ya ɓuya a tsakani, irin na Zariya? Babu. Gindin nan miƙe yake sambal.

Wani dattijo da ke noma a gefe ya zo wucewa da keke, na gaishe shi na ce Baba wace bishiya ce wannan? Ko tsayawa sosai bai yi ba ya ce gurjiya mana, ku jira bazara ku ga 'ya'yan sun fashe da farar auduga. Ya ƙara da cewa 'yan ƙabilar Tibi har miya suke yi da gindin furen, mai yauƙi.

Abin da ya ban haushi, Yayan nan ne fa watan jiya ya kashe kuɗi wajen masu sayar da fulawa a bakin titi, ya kwaso wasu 'yan tsirrai da sai an yi ta ba su ruwa safe da yamma, ga wadda ke fure tsakiyar rani ba mai zuba mata ko kofi ɗaya zai sa gatari.

Mun ja igiya mun auna, ba ta shiga inda ginin zai zauna ba, katanga ce kawai za ta ɗan kauce. Ya ce zai yi magana da birkila. Ban yarda da wannan "zan yi magana" ɗin ba, Litinin da sassafe ina can.