Bencin da ke Bakin Ƙofar Alƙali

Shekara takwas ke nan ina aikin tafinta a kotunan jihohi a nan Amurka. Bel ɗina ya haddace hanyar tiren masu bincike a ƙofar kotu. Kowace safiya sai na cire shi, na zuba makullai da agogo da waya, na ratsa ta ƙofar na'ura riƙe da wando. Masu gadin sun taɓa ƙwace min abin yankan farce, kuma har yau ban yafe ba.

Shi ya sa nake bin labarin ƙudirin da Sanata John Cornyn na Texas da Sanata Chris Coons na Delaware suka kawo kan tsaron kotunan jihohi. Manufarsa a kafa cibiya ɗaya da za ta riƙa tattara bayanan barazanar da ake yi wa alƙalai, ta horar da ma'aikata, ta duba gine-ginen kotuna ta nuna inda ɓaraka take. Majalisar Dattawa ta amince da shi a Yunin 2024, amma wa'adin majalisa ya ƙare Majalisar Wakilai ba ta waiwaye shi ba. Alƙalan tarayya su dama suna da gata: jami'an tsaron tarayya da ake kira Marshal ke gadinsu, kuma a Disambar 2022 aka yi musu dokar ɓoye adireshin gidajensu, bayan wani da ya yi shigar mai kawo saƙo ya harbe ɗan Mai Shari'a Esther Salas a ƙofar gidansu a New Jersey a 2020. Na jiha kuwa, inda akasarin shari'u suke, kowace ƙaramar hukuma da ƙarfin aljihunta.

Ina goyon bayan ƙudirin, kada a yi min mummunar fahimta. A Oktoban 2023 an harbe Mai Shari'a Andrew Wilkinson a ƙofar gidansa a Maryland, 'yan sa'o'i bayan ya ba wata mata riƙon 'ya'yanta. Mijin ne ya yi. Duk wanda ya zauna a kotun iyali ya san nan wutar take, ba wajen shari'ar 'yan fashi ba.

Sai dai alƙali yana da ƙofar baya. Matar da ta kawo ƙara fa?

Bara aka kira ni wata ƙaramar kotu a bayan gari, tafiyar awa biyu. Wata baiwar Allah ce, 'yar ƙasarmu, ta zo neman takardar da za ta hana mijinta kusantarta. Baranda ɗaya ce, benci ɗaya dogo na katako, ɗan sanda ɗaya tsaye a bakin ƙofa. Ita a wannan ƙarshen tana murza bakin hijabinta, shi a wancan, ya sha kwat. Na'ura ta tantance shi tsaf, ko allura babu a jikinsa. Ya ɗan matso, fuskarsa cike da fara'a, murya ƙasa-ƙasa kamar mai tambayar lafiyar yara, ya ce: "Ki buɗe baki a ciki, wallahi sai dai uwarki ta haifi wata."

Ɗan sandan ya ga murmushi, shi ma ya murmusa. A duk ginin nan mu uku ne muka ji abin da aka faɗa.

Ƙa'idar aikinmu ita ce tafinta ba ya ɗaukar ɓangare. Na yi ta juya wannan a raina, na wajen minti biyu, ina kallon hannunta yana rawa. Daga nan na tashi na fassara wa ɗan sandan maganar kalma da kalma. Ya nemi ɗakin da zai sa ta, babu. A ƙarshe ofishin akawun kotu aka buɗe mata, ta zauna tsakanin kwalayen fayil.

Da za a tambaye ni abin da za a rubuta a ma'aunin tsaron kotu, kafin kyamara da gilashin da harsashi ba ya hudawa, zan ce ɗakin jira biyu a kowace kotun iyali. Sannan a riƙe wanda ake ƙara na minti goma sha biyar bayan an tashi, mai ƙara ta yi nisa. Wasu kotunan suna yi, amma don alƙalin wurin ya ga dama ne.

Ta samu takardarta ranar. Tare aka sallame su, ta ƙofa ɗaya. Na raka ta tashar bas, muka tsaya minti ashirin cikin sanyi, motarsa tana fake a tsallaken titi, injin a kunne.