Asabar: Kawu na neman bindiga mai araha

Abin da ya hana ni kwanciya a daren nan wata magana ce da Kawu ya yi a mota: "Ai Kalashnikov ba ta lalacewa, ko a taɓo ka binne ta." Kowa na faɗin haka, kuma da wannan maganar ake sayar wa mutane mataccen ƙarfe da kuɗi masu kauri.

Aladun daji sun sake shiga gonarsa, sun tumɓuke dankali, sun karya shingen awaki. A nan jihar Texas ta Amurka tun 2019 ba a buƙatar lasisin farauta don harbin su a gonar mutum ko a inda mai gona ya ba da izini. Garke-garke suke zuwa, shi ya sa yake son irin wadda ke fitar da harsashi ɗaya duk jan kunama sannan ta ɗura na gaba da kanta. Kuɗin da ya ware dala 700 ne, kuma ya ce ba zai ƙara ko sisi ba.

Uku aka jera mana a kan kanta: tsohuwar SKS ta Yugoslabiya a dala 500, wata samfurin AK (wato Kalashnikov) ta hannu a dala 650, da sabuwar AR-15 ƙirar nan gida, mafi araha a shagon, a dala 550. Idon Kawu bai bar ta tsakiyar ba.

Har yanzu lissafin da yake yi na shekarun 1990 ne, lokacin da ake samun SKS ta Sin ƙasa da dala 100. Wannan kasuwar ta daɗe da tashi. A 1989 gwamnatin Bush babba ta hana shigo da bindigogi masu siffar soja in ba an sauya su sun dace da farauta ko wasan harbi ba. A 1994 aka rufe ƙofa ga manyan bindigogin Sin irin waɗannan da harsasansu. A 2014 takunkumi ya faɗa kan kamfanin Kalashnikov, bindigarsa samfurin Saiga ta daina zuwa, a 2017 Vepr, ita ma ƙirar Rasha, ta bi bayanta. A 2021 kuma aka daina ba da sabon izinin shigo da harsasan Rasha, waɗanda su ne suka riƙe farashin 7.62x39, harsashin da AK da SKS ke ci, a ƙasa shekara da shekaru. Abin da ya rage yana shigowa mafi yawa daga Romaniya, Sabiya, Polan da Bulgeriya ne, kuma babu wanda za a kira na banza a cikinsu. Yau in ka ga AK da farashi ya faɗi warwas, tambayar farko ita ce me aka rage a cikinta.

Na roƙi mai shagon ya bar mu mu duba da kyau. Ya cire gidan harsashi, ya ja sakata (ƙarfen da ke cusa harsashi cikin bututu ya kulle a bayansa) baya ya nuna mana babu komai a ciki, ya miƙo.

Saiti na fara dubawa. Ka riƙe bindigar a miƙe, ka hango daga baya: ƙaramin ƙarfen saitin gaba, da mazaunin bututun iska (bututun da ke mayar da iskar harbi baya don bindiga ta ɗura kanta), da saitin baya, dole su zauna a layi guda. In na gaba ya karkata, sai an tura tsinkensa har ƙarshen gefe kafin harbi ya faɗa inda ake so, wani lokacin ma ba ya isa. Bindigogin Romaniya na farkon shekarun 2000 sun yi suna da wannan. Ana gyarawa, amma aikin maƙerin bindiga ne da matsi da sababbin ƙusoshi, kuma kuɗin gyaran ya cinye rangwamen. Ta hannunmu ta ɗan kwanta hagu. Kawu ya ce, "Ɗana, wannan ai abin ƙyalewa ne, alade ba ƙwayar gero ba ne." Na ce, "Kawu, ku bari mu shiga ciki tukuna."

Jikin irin wannan AK fallen ƙarfe ne aka lanƙwasa, kaurinsa milimita 1 a yawancinsu, milimita 1.5 a na Sabiya. Ƙusoshin ribit ne ke ɗaure shi da dunƙulen ƙarfen da ke gaba. Kan kowace ƙusa ya kamata ya kwanta lif a jikin fallen, zagaye, ba tsagewa. In farce na shiga ƙarƙashinsa, ko fallen ya loɓa a gefensa, an matse ta ba daidai ba, kuma duka na dubban harbi zai ƙara buɗe ta. Sai ramin gidan harsashi. Wasu ana shigo da su da ƙunƙuntar rami saboda dokar shigo da kaya, a faɗaɗa shi a nan Amurka. In an ci ƙarfen da yawa, gidan harsashin zai riƙa rawa. 'Yar rawa gefe da gefe ba komai ba ce. Rawar sama da ƙasa ita ce matsala, domin sakata na iya tsallake harsashi ko ta cusa shi a karkace.

Duk waɗannan ana ganinsu da ido. Wanda ke ba ni tsoro ba a ganinsa.

Dunƙulen ƙarfen nan na gaba shi ke riƙe gindin bututu, a cikinsa kuma kunnuwan sakata biyu ke juyawa su kulle kafin wuta ta tashi. Dukan ƙarfin fashewar a kansa yake sauka. Masana'antun soja na gabashin Turai ƙera shi suke yi da duka. Wasu masu haɗa ta araha kuwa narkakken ƙarfe suke zubawa a mazubi. Bambancin kamar na gatarin maƙeri ne da tukunyar zubi: dukansu ƙarfe, amma ɗaya ne aka yi don shan bugu. In zubin bai yi kyau ba, inda kunnuwan ke zama sai ya riƙa cinyewa a hankali, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi ta yi ta buɗewa. Alamar farko a kwanso take fita: zobe mai sheƙi kusa da gindinsa, ko kumburi, ko makunnin da ke gindin, wato inda ake duka harsashi ya tashi, ya turo waje. In aka ci gaba, kwanso ya tsinke gida biyu, iska mai zafi ta dawo wajen fuskar mai harbi.

Akwai ma'aunan wannan tazara, ƙarafa ne masu siffar harsashi, guda 3. Sakata dole ta kulle a kan na farko. Bai kamata ta kulle a kan na biyu ba a sabuwar bindiga. In ta kulle a kan na uku, bindigar ba ta harbuwa sai an gyara. Da yatsa ake turawa a hankali, ba a sakin sifirin ya buga, domin ƙarfinsa zai danne ma'aunin ya ba da amsar ƙarya. Maƙerin shagon ya gwada a gabanmu. Ta kulle a kan na biyu ba tare da wata turjiya ba, na ukun kuma ba shi da shi a wurin. Na leƙa da tocila, gefen mazaunin kunnuwan ya fara naɗewa.

Kawu ya ce, "To ba ga shi tana aiki ba? Mai ita ai harbi yake yi da ita."
Na ce, "Kawu, yana yi, shi ya sa ta kai nan. Idonku ne zai kasance a bayanta."
Ya yi shiru, ya ajiye ta. Ransa bai so ba, na gani.

SKS ɗin ta fi kwanta mini, amma ita ma da nata. Ƙirar Simonov ce, sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓe ta a 1949, gidan harsashinta a manne yake, yana cin 10. Ƙarfe ne aka sassaƙa, ba falle ba. Abu biyu ake dubawa a ta Yugoslabiya. Cikin bututunta ba a shafe shi da kurom mai hana tsatsa ba kamar na Sin, kuma shekaru ta yi tana cin harsashin soja mai gishiri. A haska tocila daga baya a leƙa daga baki: in layukan ciki sun fito da kaifi, madalla, in duhu ne da ramuka kamar an yayyafa yashi, harbinta zai watse. Na biyu, tana da 'yar makunnin rufe iska a gaba da aka yi don harba gurneti. Tsatsa na cin wurin, iska ta riƙa zurarewa, sakata ta kasa komawa baya sosai, bindigar ta koma sai an ja da hannu duk harbi.

Abin da nake so duk mai sha'awar SKS ya riƙe shi ne allurar da ke dukan harsashi. A yawancinsu ba ta da sifirin da ke mayar da ita baya, sake take a cikin sakata. Ana adana su ne cikin giris mai kauri, wanda ke bushewa ya daskare a ramin allurar. In ta maƙale a gaba, da sakata ta rufe sai harsashi ya tashi ba wanda ya taɓa kunama, kuma yana iya ci gaba da tashi har gidan ya ƙare, bindiga na hannun mutumin da bai shirya ba. Gwajin mai sauƙi ne: a ciro sakatar a girgiza ta kusa da kunne. Dole a ji allurar na kaɗawa gaba da baya. In shiru, a warware ta, a wanke ramin da sinadarin narkar da maiƙo, a bar shi a bushe ba mai. Ta shagon ta kaɗa, bututunta kuma da sauran haske.

Harsashi mai gishirin nan ba abin gudu ba ne in an san hali. Makunninsa na barin gishiri mai jan laima, kuma a zafin Texas tsatsa na fitowa kafin gari ya waye. Mai ba ya narkar da gishiri. Ruwan zafi ake zubawa ta bututu da bututun iska da fistan, a busar, sannan a shafa mai, ranar da aka yi harbin.

Ita AR-15 ɗin Kawu ko kallon kirki bai yi mata ba, wai roba ce. Amma a kasuwar yau ita ce mai arahar gaskiya, tunda a nan ake yin ta, sassanta na shiga na juna, harsashinta kuma ko'ina akwai. A ta araha abin dubawa kaɗan ne. Kusoshi 2 da ke ɗaure makarɓar iska a kan sakata, a ga an danne ƙarfen gefensu ya cije su, in ba haka ba suna kwancewa bindiga ta daina ɗura kanta. A karanta rubutun kan bututu: lambar harsashin da take ci ce, in 5.56 ne tana cin .223 ma, in .223 ne kaɗai kada a sa mata 5.56, matsinsa ya fi yawa. Tsawon bututu kada ya gaza inci 16, ƙasa da haka wata doka ce daban ta 1934. Rauninta ga aikin Kawu shi ne ƙanƙantar harsashi. A kan babban alade 7.62x39 ya fi nauyi, ko da yake mai taushin baki na farauta ake so a kowanne, ba na soja mai rufin ƙarfe ba, don kada dabba ta tafi da rauni tana wahala.

Mai son canza wa ta waje kaya ya san akwai dokar da ta lissafa sassa 20, ba a yarda fiye da 10 daga ciki su zama na waje ba in bindigar ta koma siffar da aka hana shigowa da ita. Kuma katakon na Sabiya ba ya shiga na Romaniya.

A hanyar dawowa Kawu ya ce da ya ɗauki AK ɗin, hannunsa ya yi sanyi. Danginsa na wajen Zurmi shekarunsu nawa ba su kwana da ido biyu rufe ba. Siffar nan da ake rataye wa takardar farashi a shago, ita ce ake gani a kafaɗar masu tare hanya, tasu ma mai ɓarin wuta ce. Ni ma raina ya ɓaci, kuma bai dawo daidai ba har yanzu. Masu turo mini saƙo daga gida kuna tambayar yadda za a aiko muku, ku daina. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta bar farar hula ya riƙe irin wannan haka kawai ba, fitar da ita daga Amurka ba izini kuma ɗauri ne mai tsawo. Ba zan amsa ba, ko ɗan'uwana ne.

Takardu: Kawu da kansa zai cike fom 4473, takardar gwamnati ta mai sayen bindiga, a bincika sunansa kafin a miƙa masa. Ba a cike wa wani, tun 2022 hukuncin saya wa wani a ɓoye na iya kai shekara 15.

Mamansu ta ce ba bindigar da za ta shiga gidan sai akwatin ƙarfe mai makulli ya riga ta, saboda jikoki. Gaskiyarta, kuma kuɗinsa daga cikin dala 700 ɗin zai fita. Da SKS ɗin lissafin zai kai da ƙyar, har da tabarau da abin toshe kunne.

Ruwa ya sauko bayan la'asar, gyaran shingen bai samu ba. Auta na tari.

Litinin za mu koma a gwada tazarar SKS ɗin da ma'auni, mai shagon ya ce zai riƙe ta zuwa ranar. Kawu bai ce ya yarda ba tukuna.