Alhamis, ranar da na buɗe akwatin ƙarfe

Yau da ƙurar hunturu muka tashi, ko duwatsun Birni, tsohuwar unguwar garinmu Damagaram, ba a hangowa. Famfo bai kawo ruwa ba, sai da Hajiya ta tsai da mai garuwa. Na sha kunu, na shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗauko kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, kamar yadda nake yi kowace safiya tun da na ajiye alli.

Da hantsi sai ga sallama. Wani tsohon ɗalibina ne, yanzu shi ke riƙe da wata lakwal, wato makarantar boko, a ƙauye bayan Mirya. Ya shigo kasuwar Dole sayayya, ya biyo mu gaisa. Furfura ta fara fito masa, amma tun daga bakin ƙofa ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, wata damuwa ce ta kawo ni. Yaran nan ba sa daɗewa suke iya haɗa baƙi da wasali in da Hausa ne. To da sun iya, sai in rasa abin da zan ba su su karanta. Ɗan littafin da muke da shi sun haddace shi tas."

Maganar ta taɓa ni ƙwarai. Mu a zamaninmu, wanda ya yi Hausa a harabar lakwal sai a rataya masa sambol, wato alamar horo, a wuya, ya wuni da kunya. A garin nan namu aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida, a 1973, mun kuma ga yadda bakin yaro ke buɗewa idan ya gane abin da malam ke faɗa. A 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na yi murna har zuciyata. Sai dai labarin da ɗan shekara takwas zai karanta, dole wani ya zauna ya rubuta shi, kuma ban ga masu zaman da yawa ba.

Na sa jikata ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Kaye-kaye ne cike, wasu tun ina wajen Tanut, wasu daga Gure da Magarya. A ƙauyukan nan na kamu da son rubutu. Bayan isha'i mutane kan zo su zauna gaban fitilar ƙwai in rubuta musu wasiƙa zuwa ga ƴaƴansu da ke Kano ko Legas ko Libiya. Tsohuwa za ta ce, "Mushe, ka gaya masa gero bai yi ba, amma kada ka tayar masa da hankali." To, ta yaya za ka haɗa waɗannan biyun a takarda ɗaya? A nan na koyi auna magana, fiye da abin da na koya a makarantar horon malamai. Idan sun tafi, sai in juya shafi in rubuta tatsuniya ko karin maganar da na tsinta a bakinsu.

Na karanta wa baƙona abin da na rubuta a kan Sarkin Damagaram Tanimun: yadda ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera igwa, da yadda ayarin raƙuma daga Tarabulus ke sauka a unguwar Zango. Marigayi André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya yi wa tarihin Damagaram babban aiki, Allah ya saka masa. Amma da Faransanci ya rubuta, kuma don manya. Yaro kuwa yana wucewa ta gaban fada kullum bai san garinsu ne babban birnin Nijar ba kafin a mayar da shi Yamai a 1926.

Na ba shi kaye uku ya kai a yi fotokofi, da sharaɗi ɗaya: ya sa yara su karanta da ƙarfi, duk inda harshensu ya sarƙe ya ja layi ya dawo mini da shi. Jimlar da yaro ya kasa kaiwa ƙarshenta da numfashi ɗaya ta yi tsawo, sai a raba ta. Jikata ta ce za ta buga sauran a kwamfuta in an yi hutu.

Bayan la'asar na koma kan yaƙin Tirmini na 1899, tsakanin Damagaram da Faransawa, inda na tsaya tun makon jiya. Ina so yara su san Amadu Kuran Daga, sarkin Damagaram na lokacin, da yadda Turawa suka kashe shi, ba tare da na ɓoye gaskiya ko na tsorata su ba, kuma har magariba shafin bai yi mini ba. Gobe bayan sallar Juma'a zan je wurin wani dattijo kusa da fada, in ji yadda kakanninsa suka ba shi labarin.